An kama tafintana a China kan rubutun WeChat, ya zan yi?

Tambayar yau daga wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari da ke saro kaya a Guangzhou. Ya ce 'yan sanda sun tafi da tafintansa, Musulmi ɗan ƙabilar Hui, bayan ya yi ta rubutu a wani guruf na WeChat, manhajar hira ta China, kan cire ƙubbobin masallatai, kuma wasu hotunan da ya turo masa shi Alhajin ne ya ɗora su a Facebook. Yana so ya san ko ya fara kamfen a intanet, kuma ko ba matsala ya koma baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou.

To Alhaji, Allah ya kuɓutar da shi. Ni lauya ne a Najeriya, kuma ba ni kaɗai ba, babu lauyan waje da zai iya tsaya wa mutum a kotun China, dole sai mai lasisin ƙasar. Amma zan faɗa maka yadda dokarsu take domin kada ka yi abin da zai ƙara jefa bawan Allah nan cikin ruwa.

Abu na farko shi ne takarda. A ƙa'ida ana sanar da iyali cikin awa 24 da tsare mutum, a rubuce, da sunan laifin da inda yake, sai dai in an ce batun tsaron ƙasa ne ko ta'addanci, nan za su iya yin gum. In tsarewar ladabtarwa ce ta 'yan sanda, iyakarta kwana 15 ne, in laifuka sun haɗu kwana 20, babu kotu, ya dawo gida. In kuma tsarewar tuhumar laifi ce za su iya riƙe shi har kwana 37 kafin mai gabatar da ƙara ya amince a kama shi a hukumance, kuma waɗannan kwanakin su ne lokacin da lauya ya fi amfani, don in magana ta kai gaban alƙali sama da kashi 99 cikin 100 na waɗanda ake gurfanarwa ana samunsu da laifi. Akwai kuma wata muguwar hanya da suke kira zaman gida a wurin da hukuma ta zaɓa, har wata shida ba a gidan yari ba kuma ba a gidansa ba, wlh ita na fi ji masa tsoro.

Sunan laifin shi ne komai. Wanda aka fi amfani da shi shi ne sashe na 293 na dokar laifukan China, tsokanar faɗa da tada husuma, har shekara 5, asali na masu rigima a titi ne amma a 2013 aka faɗaɗa shi ya shafi rubutun intanet, da shi aka ɗaure 'yar jarida mai zaman kanta Zhang Zhan shekara 4 a Disambar 2020 saboda bidiyon da ta ɗauka a Wuhan lokacin korona. Sai sashe na 105, tunzura jama'a su kifar da gwamnati, wanda ya ci marubuci Liu Xiaobo shekara 11 a 2009, ya samu kyautar Nobel yana kurkuku, ya rasu a tsare a 2017. Ilham Tohti, malamin jami'a ɗan ƙabilar Uygur mai shafin intanet, ɗaurin rai da rai aka yi masa a 2014 da sunan neman raba ƙasa. Amma wanda ya taɓa ka kai tsaye shi ne sashe na 111, miƙa sirrin ƙasa ko bayanan sirri ga na waje. Ɗan jarida Shi Tao imel ɗaya ya tura waje, Yahoo ya ba hukuma bayanan da aka gano shi da su, shekara 10 a 2005. Huang Qi mai shafin kare haƙƙin ɗan Adam shekara 12 a 2019. Kai ne na wajen a wannan labarin Alhaji, duk abin da zai nuna cewa hotunan nan daga hannunsa suka fito zuwa naka zai iya ɗaga laifin daga ƙarami zuwa babba.

Saboda haka maganar kamfen, dakata tukuna. Ina tare da kai cewa ɗaure mutum don ya yi magana kan masallaci zalunci ne, kundin tsarin mulkinsu ma sashe na 35 ya ce akwai 'yancin magana, amma kotunansu ba sa sakin mutum da wannan hujjar, kuma China ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 'yancin jama'a da siyasa a 1998 har yau ba ta tabbatar da ita ba. Surutun duniya yana taimakon wasu, musamman waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, yana kuma lalata wa wasu da ake shirin saki a ɓoye. Iyalinsa ne za su yanke wannan shawarar ba kai ba, su ne ke zaune a can. In sun yarda, akwai kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba a Geneva, ana iya kai masa koke kyauta, ra'ayinsa ba ya tilasta wa China komai amma yana sa sunan mutum a rubuce a gaban gwamnati. Kuma dan Allah kar ka yi wannan maganar da matarsa a WeChat, asusun kowa a can yana haɗe da sunansa na gaskiya.

Lauya kuwa iyali ne za su ɗauka, su yi sauri. Samun mai ƙarfin hali ya yi wuya tun kamen Yulin 2015 da ya shafi lauyoyi da 'yan fafutuka kusan 300, kuma in an ce tsaron ƙasa ne sai masu bincike sun yarda kafin lauya ya gan shi. In an yanke hukunci kwana 10 ne na ɗaukaka ƙara, kuma sau ɗaya ne.

Kai kuma fasfo ɗinka ba garkuwa ba ne, da ka sauka dokarsu ta hau kanka. Lee Ming-che, ɗan fafutuka ɗan Taiwan, shekara 5 aka ba shi a 2017, hirarrakinsa na intanet ne hujja. Ga baƙo kamarka abin da ya fi kusa shi ne tambayoyi, duba waya, hana ka fita ƙasar har a gama bincike, ko kora wadda ke hana shiga shekara 10. Shawarata ka tura yaronka ko ka yi odar kaya daga nan har a san sunan laifin. In tafiyar ta zama dole, tafi da sabuwar waya, ka bar wa na gida lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Guangzhou, in an tsare ka ka nemi a sanar da su, haƙƙinka ne a sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963, ka nemi tafinta kuma kar ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Ka sani ba kamar nan ba ne da tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har lauyanka ya zo, can doka ta ce ka amsa tambaya kuma lauya ba ya zama a ɗakin.

Kuɗi ma a yi hattara, kar ka tura wa iyalin da sunan tallafi ko kuɗin lauya don ana iya juya shi ya zama kuɗin ƙetare na tada fitina. In yana bin ka ladan aikinsa ka biya ta hanyar da kuka saba, da rasit da lissafin kayan a haɗe.