Kun Tambaya: Wace ce ta zana mujiyar da ke jikin kan sarkin Kanada?

TAMBAYA: Malam, a cikin tsofaffin wasiƙun marigayi babana na tsinci wani kan sarki na Kanada mai hoton mujiya, gashinta ya bazu dogo-dogo, ja da baƙi. An ce da dutse aka buga hoton. Wane ne ya zana shi, kuma ta yaya ake buga hoto da dutse? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, ki adana kan sarkin nan da kyau. Na 1970 ne, wadda ta zana mujiyar kuwa mace ce, Kenojuak Ashevak, 'yar ƙabilar Inuwit da ke zaune can ƙuryar arewacin Kanada inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara. An haife ta a 1927 a wani zangon mafarauta a kudancin tsibirin Bafin, ta rasu a 2013 a Kinngait, garin da a da ake kira Kef Doset.

Ba ta taɓa shiga makarantar zane ba. Da allura ta fara: tun tana yarinya kakarta ta koya mata ɗinkin fatar sil, dabbar tekun da suke farauta, a yanko siffa daga fata mai duhu a ɗinka ta a kan mai haske. Ki sake duba mujiyar, za ki ga gefenta a tsaye yake cak kamar an bi shi da wuƙa. Ni dai a ganina daga ɗinkin nan ya samo asali. Ta sha wuya kafin suna ya zo. Tarin fuka ya kama ta, aka kai ta asibiti a Kebek daga 1952 zuwa 1955, tana can 'ya'yanta da ta bari a gida suka rasu.

Batun dutse kuwa gaskiya aka faɗa miki. Wajen 1957 wani Bature mai zane, James Houston, ya fara gwada bugun hoto tare da masassaƙan garin Kinngait, har ya je Japan ya koyo dabarar bugu da katako. To, itace ba ya tsirowa a Bafin, amma akwai wani koren dutse mai taushi da suka saba sassaƙawa, sai suka koma kansa. A goge dutsen ya yi sumul kamar allo, a kwafi zanen a kai, a sa kurfi a cire duk inda ba a son tawada ta taɓa. Abin da ya rage a tashe shi ake shafa wa tawada, a ɗora siririyar takarda, a murza bayanta da hannu, a ɗaga a hankali. Galibi kwafi 50 ake bugawa, sannan a goge zanen daga dutsen, shi ke nan ba ƙari.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne aikin na hannu biyu ne. Kenojuak takan yi zanen a takarda, masassaƙan ƙungiyar gama kai ta garin, wadda aka kafa a 1959, su yanka dutsen su buga. Ita ma takan sassaƙa dutse jefi-jefi, amma zane ne ya fito da ita. Bai kamata yabon ya tsaya kanta ita kaɗai ba.

Na san a wurinmu in mujiya ta yi kuka a kan soro sai gaban mutum ya faɗi. Ita ko ba don tsoratarwa ta zana ta ba. Ta sha bayyana cewa abu mai kyau kawai take nema ta fitar.

An buga asalin hoton da dutse a 1960, daga baya aka kwafe shi a kan sarkin. A 2018 aka yi gwanjon kwafi ɗaya a Toronto, ya tashi dalar Kanada 216,000. Kada dai ki sa rai, kan sarkin naki an buga shi da ɗimbin yawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.