Hukuncin ɗaukar hoton karnukan farauta a gida da tsohuwar kyamarar fim

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da karnukan farauta biyu da na raina tun suna 'yan kwikwiyo. Ina kuma sha'awar tsofaffin kyamarori masu fim, waɗanda sai an wanke kafin hoto ya fito, kuma da hannuna nake wankewa. Nakan shigo da karnukan falo in ɗauke su a bakin taga, don hasken wurin ya fi kyau. Wani abokina ya ce na haɗa abu biyu masu korar mala'iku, wai kuma hoton fim ya fi na waya muni tunda hannu na shiga cikinsa. Farautar kuwa, gaskiya na kwana biyu ban fita ba. Mene ne hukunci, kuma zan iya rataye hotunan a bango?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, hankalinka ya fi tafiya ga kyamarar, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe game da farauta. Amma bari mu fara sallamar kyamarar.

Hadisan da suka yi narko a kan masu sura ingantattu ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa za a ce musu ranar alƙiyama su raya abin da suka halitta, kuma a hadisin Nana A'isha an siffanta su da masu kwaikwayon halittar Allah. Da kyamara ta zo, sai malamai suka saɓa a kan ko ta shiga cikin wannan narko. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, hujjarsa ita ce kyamara inuwar abu take tsarewa, kamar yadda fuska ke bayyana a madubi. Shaihu Ibn Baz da Albani sun haramta shi sai don lalura, irin hoton fasfo. Shaihu Ibn Usaimin ya ce hoton na'urar da ke fitar da shi nan take ba tare da aikin hannu ba bai shiga surantawar da aka hana ba, amma bai yarda a ajiye hoto don tunawa kawai ba. Ina kyautata zaton daga wannan ƙaidi na aikin hannu abokinka ya ciro maganarsa.

To mu duba abin da hannun ke yi. Fim leda ce siririya da aka shafe da gelatin, wani abu mai danƙo, mai ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Idan ka danna, ƙofar kyamara ta buɗe na ɗan ƙiftawar ido, hasken da ya taso daga jikin karen ya faɗa kan ƙwayoyin, kamanninsa sun riga sun zauna a nan ko da ido ba ya ganinsu. Ruwan magani na farko yana mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, na ƙarshe kuma ya wanke waɗanda bai taɓa ba don kada hoton ya dushe. Aikinka shi ne awon ruwa, duba zafinsa, girgiza tanki da ƙirga mintoci. Ba ka zana kunne ba, ba ka tsara idon karen ba. Don haka abin da ya rinjaya a wurina shi ne hoton fim da na waya hukuncinsu ɗaya, tsufan kyamara ba ya ƙara komai kuma ba ya ragewa. Inda hukuncin zai canza shi ne ka ɗauki buroshi ko fensir ka ƙara wa dabbar wata gaɓa ko ka sake mata fuska a kan takarda, nan kam ka zama mai zane.

Ko da ma an lissafa shi cikin sura, malaman Malikiyya sun keɓe haramci ga mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi. Sura shimfiɗaɗɗiya a takarda ko bango makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa a wulaƙance take, barinta ne ya fi. Saboda haka ɗaukar hoton ya halatta, ka ajiye su a albam ko cikin akwati. Sa su a firam a rataye a falo kuwa ban ba ka shawararsa ba, kuma kada ka kuskura ka sa su a gaban mai sallah. Wanda ya bi malaman da suka hana gaba ɗaya ya bar hoton, ya yi tsantseni, ba a yi masa inkari.

Yanzu karnukan. Karen farauta yana da daraja a shari'a. Allah ya halatta abin da horarren kare ya kamo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, kuma Annabi (SAW) ya koya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa idan ya saki horarren karensa ya ambaci sunan Allah, ya ci abin da ya kamo masa. Sai dai hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ba, ana rage masa ƙiraɗi biyu, wato kaso biyu, na ladansa kowace rana. A ruwayar Abu Huraira an ƙara karen gona. Rangwamen a kan aikin karen ya rataya, asalinsa ba ya wadatarwa. Saluƙi, wato karen farauta mai dogayen ƙafafu, da ba ya aikin komai sai kwanciya kan kujera, a ma'aunin hadisin nan karen ado ne. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, ya faɗa a Risala cewa ba a riƙon kare a gidaje sai don gona ko dabbobi ko farautar da mutum ke yi don abincinsa, banda ta shagala. Wasu malaman sun fi shi sassauci a kan farautar nishaɗi matuƙar za a ci naman, kuma da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye.

Kai ka san gaskiyar lamarinka. In hutu ne na ɗan lokaci kuma niyyar komawa daji tana nan, ko suna yi maka gadin da kake buƙata, kana cikin rangwame. In kuwa farautar ta mutu, ta bar suna kawai, to ka koma gare ta ko ka miƙa su ga mai farauta da zai riƙe su da amana. Wanda ya tsufa a hannunka yana yi maka aiki kada ka kore shi ya mutu da yunwa, an gafarta wa wani mutum saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar.

A batun shigo da su falo abokinka yana da hujja. Hadisin Abu Ɗalha ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko sura, wato mala'ikun rahama, banda masu rubuta ayyuka. Khaɗɗabi ya ce karen da aka halatta riƙonsa ba ya hana su. Nawawi ya rinjayar da cewa hanin ya game kowane kare, don Jibrilu ya ƙi shiga ɗakin Annabi (SAW) saboda ɗan kwikwiyon da ke ƙarƙashin gado alhali Annabi (SAW) bai san da shi ba. Hujjar Nawawi tana da ƙarfi, kuma ban ga dalilin da zai sa Musulmi ya yi kasada da rahamar ɗakinsa don hasken taga ba. Miyan kare a wurin Malik ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai bauta ce kawai a ganinsa, amma Shafi'i da Ahmad najasa suka ɗauke shi, kuma darduma ba ta wankuwa da sauƙi.

Ka keɓe musu wuri mai inuwa da ruwa a tsakar gida ko lambu, can za ka ɗauke su. Hasken safiya ko na la'asar sakaliya a waje ya fi na falo yawa, ba sai ka danne kare ya daskare ba, ba sai ka haska masa fitila a ido ba. Ruwan wankin fim guba ne, ka rufe shi inda ba za su kai baki ba. Fim ɗin da ke ɗaukar hoto 36 kuwa, ka saye shi daga rarar da ta saura bayan haƙƙin iyali da abincin karnukan da maganinsu.

Wallahu a'alam.