Makarantar kuɗi ko ta gwamnati: wacce ta fi buɗe wa yaro ƙofar jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, babbarsu mace ce, kuma shekaru uku suka rage mata ta kammala sakandare a wata makarantar gwamnati. Yarinya ce mai ƙoƙari, tun da ta shiga ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba, kuma babban burinta ta karanta likitanci. Maigidana ya dage sai mun mayar da ita makarantar kuɗi ko da bashi za mu ci, domin a ganinsa jami'o'i sun fi ɗaukar ɗaliban irin waɗannan makarantu. Ni kuma ina tuna ƙannenta uku da ke tafe a bayanta. Don Allah a warware mana: shin da gaske makarantar kuɗi ta fi taimaka wa yaro wajen samun gurbin karatu a jami'a? Daga wata uwa mai bin wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya miki su, ya kuma cika wa babbar burinta. Maganar maigidanki tana da tushe, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta kafin a ce komai a kanta. A Ingila, misali, yaran da ke makarantun kuɗi ba su wuce kashi 7 cikin 100 na 'yan makaranta ba, amma a 'yan shekarun nan sama da kashi 30 cikin 100 na 'yan ƙasar da jami'ar Oxford ke ɗauka daga can suke fitowa. A shekarar 2018 wata gidauniya mai suna Sutton Trust ta fitar da rahoto da ya nuna cewa makarantu 8 kacal sun samu gurabe 1,310 a jami'o'in Oxford da Cambridge cikin shekaru uku, alhali wasu makarantu kusan 2,900 a haɗe gurabe 1,220 suka samu. Duk uban da ya ji irin waɗannan alƙaluma dole hankalinsa ya tashi. Sai dai a cikin makarantun nan 8, biyu na gwamnati ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata ya sake tambayar abin da ya haɗa su, tunda ba biyan kuɗi ba ne.

Abin da ke ruɗar iyaye da yawa shi ne, yaran da ake kaiwa makarantun kuɗi tun daga gida suka bambanta da sauran. Galibi iyayensu masu hali ne, sun yi karatu mai zurfi, akwai littattafai a gidan, akwai wurin da yaro zai zauna ya yi nazari ba tare da hayaniya ba, kuma idan lissafi ya ba shi wahala a ɗauko masa malamin da zai riƙa zuwa gida. Idan irin wannan yaro ya ci jarrabawa, makaranta ce ke karɓar yabo, bayan kuwa rabin aikin a gida aka yi shi. Ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, wato OECD, wadda tun shekarar 2000 take shirya jarrabawar PISA ga 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta sha gano abu guda: ɗaliban makarantun kuɗi sukan fi maki idan aka duba sakamakon a dunƙule, amma da zarar an kwatanta yaran da halin gidajensu da na makarantunsu ya zo ɗaya, ratar sai ta ɓace a yawancin ƙasashe, a wasu ma ta juya ta koma wajen 'yan makarantar gwamnati.

A jihar Andhra Pradesh ta Indiya an gwada abin ta hanyar da ta fi gamsarwa. An yi ƙuri'a a ƙauyuka, yaran da suka ci aka biya musu kuɗin makarantar firamare mai zaman kanta, waɗanda ba su ci ba suka ci gaba da zama a ta gwamnati. Bayan shekaru huɗu, kamar yadda masu binciken Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman suka wallafa a 2015, babu wani bambanci tsakanin rukunin biyu a lissafi da harshen Telugu, duk da cewa makarantun kuɗin sun ƙara wa nasu yaran harshen Hindi kuma sun kashe ƙasa da sulusin abin da gwamnati ke kashewa a kan kowane ɗalibi. Firamare ce ba sakandare ba, amma darasin ya shafe mu: ɗaukar yaro ɗaya daga wannan gini a kai shi wancan ba ya mayar da shi wani yaron daban.

To ina amfanin makarantar kuɗi yake, idan akwai? Amsar ta danganta da irin ƙofar da jami'ar ke da ita, kuma a nan ne nake so ke da maigidanki ku fi mayar da hankali. Akwai ƙasashen da jarrabawa guda ce ke yanke hukunci, kamar China, inda a watan Yuni na kowace shekara matasa fiye da miliyan 10 ke zama jarrabawar gaokao, makin da yaro ya samu shi ne zai yi masa magana. A irin wannan tsari babu mai tambayar launin kayan makarantar da yaro ya sanya. Abin da zai amfane shi shi ne malamin da ya kammala manhaja kafin lokaci, da ɗakin gwaje-gwajen da ake shiga da gaske, da yawan tsofaffin tambayoyin da ya yi ta bita har hannunsa ya faɗa. Makarantar da ke samar da waɗannan ita ce mai kyau, ko wa ya mallake ta.

Akwai kuma ƙasashen da jami'a ke duba yaro ta fuskoki da yawa, kamar manyan jami'o'i masu zaman kansu na Amurka, inda ake neman rubutun da ɗalibi ya yi a kan kansa, da wasiƙar shaida daga malamansa, da ayyukan da ya yi a wajen aji. A nan kam makarantar kuɗi mai tsada tana da tasiri na gaske. A 2023 masana tattalin arziki uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, sun nazarci jami'o'i 12 da suka haɗa da Harvard da Yale da Stanford da MIT, suka gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 cikin 100 na mafi arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen damar shiga, ko da makinsu a jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT ya zo daidai. Dalilai uku suka kawo: fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da ɗaukar 'yan wasanni, da makin da ake bayarwa kan halayya da ayyukan wajen aji, wanda 'yan makarantun kuɗi suka fi samu. A manyan jami'o'in gwamnati na jihohi kuwa, ba su ga an fifita 'ya'yan masu kuɗi a wajen ɗauka ba.

Wannan batu na wasiƙar shaida na san shi a aikace, domin na yi shekaru ina koyarwa a sakandare kafin na koma aikin jarida. Akwai shekarar da ɗalibai fiye da 60 suka nemi in rubuta musu shaida a cikin mako biyu. Ina zaune da daddare, tulin takardu a gabana, sai na ɗauko sunan wata yarinya da na san ba ta taɓa faɗuwa a darasina ba, amma na rasa abin da zan faɗa a kanta bayan cewa tana da ƙwazo da ladabi, saboda ban taɓa samun minti goma na zauna na ji abin da take so ta zama ba. Layi huɗu na rubuta mata, kuma har yau abin yana damuna. Malamin da ɗalibansa ba su wuce 15 ba zai iya cika shafi biyu, ya ambaci ranar da yarinya ta tsaya bayan an tashi tana maimaita gwajin da ya ƙi yi mata daidai har sau uku. Mai karanta takardun a jami'a zai ga mutum a wasiƙa ta biyu, a ta farko kuwa suna kawai zai gani. Abin da masu kuɗi ke saya ke nan a zahiri: lokacin malami, da mutumin da ya san ranar rufe karɓar takardu, da darussan da kowane kwas ke buƙata, da yadda ake amsa tambaya a gaban masu tantancewa.

Ya kamata kuma ki san cewa jami'o'i da yawa sun farga da wannan rata, har wasu sun fara gyara ma'auninsu. A 1997 jihar Texas ta yi dokar da ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 cikin 100 na farko a makarantarsa gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar, ko da yake daga baya babbar jami'ar da ke birnin Austin ta matse adadin. A Faransa, jami'ar Sciences Po ta buɗe wata hanya ta musamman a 2001 domin ɗaliban makarantun unguwannin marasa galihu. Jami'o'in Birtaniya da dama suna sassauta makin da suke nema idan ɗalibi ya fito daga makaranta ko yankin da ba a saba zuwa jami'a ba, kuma suna da hujja, domin hukumar da ke kula da kuɗin jami'o'in Ingila a wancan lokaci ta ruwaito a 2014 cewa idan aka ɗauki ɗalibai biyu masu sakamakon sakandare iri ɗaya, ɗan makarantar gwamnati ya fi fita da digiri mai daraja. A ƙarƙashin irin wannan tsari, yarinyar da take ta biyu a makarantar gwamnati za ta iya yin asara idan aka kai ta inda za ta zama ta ashirin.

Ra'ayina, Malama, shi ne kada ku ci bashi saboda sunan makaranta, musamman da yake akwai yara uku a baya, ga kuma karatun likitanci da ke ɗaukar shekaru masu yawa yana cin kuɗi. Kalmar "makarantar kuɗi" ta haɗa wadda take da ƙwararrun malamai da wadda malamanta ke sauyawa kowane zangon karatu saboda ƙarancin albashi, kuma da wuya mai cin bashi ya iya kaiwa ga ta farkon. Abin da nake ba ku shawara shi ne ku fara daga jami'ar ku dawo baya. Ku zaɓi jami'o'i uku ko huɗu da yarinyar ke so, ku karanta sharuɗɗansu na shiga likitanci da idonku, sannan ku je makarantar da take yanzu da wadda maigida ke so, ku yi musu tambayoyi iri ɗaya. Wa ke koyar da kimiyyar sinadarai da ta halittu da fiziks, kuma shekara nawa ya yi a wurin? Sau nawa ake shiga ɗakin gwaje-gwaje a wata? Ɗalibai nawa suka zauna jarrabawar ƙarshe bara, nawa suka samu gurbi a fannin lafiya? Ku nemi adadin duka ajin, domin wasu makarantu hotunan zakaru biyar suke liƙawa a bakin ƙofa, su yi shiru a kan sauran.

Akwai yanayin da zan goyi bayan maigidanki ba tare da wata-wata ba. Idan kuka tarar makarantar da take ciki ba ta da malamin ɗaya daga cikin waɗannan darussa uku, ko ana shafe watanni ba a karatu, ko yarinyar ba ta cikin aminci a wurin, to sauya mata makaranta ya zama dole, kuma gara a yi shi yanzu da sauran shekaru uku da a bari sai shekarar ƙarshe, lokacin da sabon wuri da sababbin malamai za su iya rikita ta. Idan kuwa malaman suna nan kuma suna shiga aji, ɗan kaso kaɗan na kuɗin da za ku biya can zai isa a ɗaukar mata malami a darasin da ta fi rauni, a saya mata littattafai da tsofaffin tambayoyi, a ajiye saura domin shekarunta na jami'a. Ki kuma je da kanki ki gaisa da malamin ajinta tun yanzu, ki gaya masa burinta, domin ranar da zai zauna rubuta mata shaida ya kasance yana da abin faɗa. Kafin ku yanke hukunci, ku zaunar da ita ku ji ta bakinta, tunda ita ce ta san darasin da ake koya mata da kyau da wanda ake tsallakewa.