Kun Tambaya: Na Biya Kuɗi an Haɗa Mini Shafi, Amma Kwastoma Sai Ɓata Suke a Ciki

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, shafin kasuwanci na intanet da yadda mutum zai shiga ya gane hanya ba tare da ya yi ta dawurwura ba. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina sayar da atamfa da les da shadda da mayafai daga gida, ina saro kayan a Kantin Kwari. Watanni biyar da suka wuce na ba wani yaro naira dubu 180 ya haɗa mini shafi na kaina saboda na gaji da tura hotuna ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, shafin kam ya yi kyau tubarkalla har da hotona yana juyawa a sama, amma wallahi har yau in na tura wa mutum linkin sai ya dawo ya ce Hajiya ni fa ban ga les ɗin ba, ki turo mini ta nan kawai. To meye amfanin kuɗin da na kashe? Ko dai mutanenmu ne ba su waye ba? Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya sa albarka a kasuwa. Na shiga linkin da kika turo tare da saƙon, kuma bari in fara wanke mutanenmu, ba laifinsu ba ne, ni kaina da nake wannan aikin sai da na danna wuri huɗu kafin na ga les. Jerin da ke saman shafinki, wato menu, ga abin da ke ciki in an fassara, don duka da Turanci aka rubuta: farko, tarihinmu, manufarmu, ɗakin hotuna, labarai, kayayyaki, tuntuɓe mu. Kinga kayan da ake zuwa saye su ne na shida. Kuma ko an danna kayayyakin sai komai ya zubo a haɗe, atamfa kusa da mayafi kusa da turare, kamar an zazzage dila a tsakar ɗaki.

Ki tuna yadda ake yi a Kwari tunda ke 'yar gida ce. Kina sa ƙafa a layi yaron shago zai tare ki, Hajiya me ake nema, les ne ko sufa, na anko ne ko na lefe? Bai taɓa tsayar da ke ya ba ki tarihin shekarar da maigidansa ya buɗe shago ba, balle manufarsa. To menu shi ne wannan yaron. Aikinsa kenan ya tari baƙo da irin kalmar da baƙon ya zo da ita a bakinsa ya nuna masa rumfar da zai shiga. Shi wanda ya haɗa miki shafin da alama ya ɗauko samfurin da aka yi wa kamfanonin ofis ne ya zuba hotunanki a ciki, irin samfuran nan sun cika WordPress, wato manhajar da ake haɗa shafuka da ita, wasu ma kyauta ne, kuma ba wai ya cuce ki ba ne, kawai bai zauna ya tambaye ki yadda kwastomominki ke magana ba.

Ga abin da za ki yi kafin ma ki kira shi. Ki buɗe WhatsApp ɗinki ki koma baya kamar saƙo 50 na masu saye, ki rubuta a takarda kalmar da kowa ya fara da ita. Zan iya rantsuwa za ki ga abubuwa biyar zuwa shida ne ke ta maimaituwa, akwai les, nawa ne turmin holan, ina son na anko guda 30, kuna kaiwa Kaduna, ina ne gidan. Waɗannan su ne menu ɗinki, an gama. Atamfa, Les, Shadda, Mayafai, Anko da Lefe, sai Kai Kaya da Biyan Kuɗi. Tarihinki da manufarki a sauke su can ƙasan shafi, mai son karantawa zai je ya same su, ba wanda ya taɓa fasa sayen turmi don bai karanta manufar mai shago ba.

Anko da Lefe ɗin nan ina so ki ba shi muhimmanci, domin mai haɗa lefe ba da sunan kaya ɗaya take zuwa ba, da buƙata take zuwa, tana son ta ga atamfa da les da mayafin da zai hau da su a wuri guda. Ba laifi ba ne kaya ɗaya ya fito a rukuni biyu, a shago ne turmi ba ya zama a kanta biyu lokaci ɗaya, a intanet yana iyawa.

Sannan farashi. Na ga ƙarƙashin kowane hoto an rubuta a tuntuɓe ki don jin kuɗi, to ai kinga ke da kanki kika kora su WhatsApp ɗin. Na san dalili, kaya suna tashi kullum kuma ba kya son 'yan'uwanki 'yan kasuwa su ga farashinki, amma sai dai ki zaɓi ɗaya, ko ki sa kuɗin ki riƙa gyarawa duk mako ko ki ci gaba da amsa nawa ne sau ɗari a rana. Maɓallin WhatsApp ɗin kuma kar a cire shi, mutanenmu suna son jin muryar mai kaya kafin su tura kuɗi, a sa shi a jikin kowane kaya yadda in an danna saƙon zai zo miki da sunan kayan a rubuce, WhatsApp na da irin wannan linkin kuma yaron ya san shi.

In an gyara, ki gwada da mutum biyar. Wani masani ɗan asalin Denmak, Jakob Nielsen, tun shekarar 2000 ya rubuta cewa mutum biyar sun isa su tono maka mafi yawan matsalolin shafi, ba sai ka tara jama'a ba. Ni na taɓa gwada wani shafin kaya da gwaggona, na miƙa mata ƙaramar itel ɗinta na ce ki nemo mini mayafi ruwan ƙasa, na yi shiru na naɗe hannu. Ta riƙe wayar nesa da fuska don ba ta sa tabarau ba, rubutun menu ko kallonsa ba ta yi ba, hoton wata mai mayafi ta gani ta dangwala da yatsa, hoton bai kai ta ko'ina ba, ta sake dangwalawa da ƙarfi har sau uku sannan ta miƙo mini ta ce abin nan naku ya mutu. A minti ɗaya ta koya mini abin da ban gani ba a sati biyu, duk hoton da ya yi kama da ƙofa to ya zama ƙofa. Abu mai wuya a gwajin nan shi ne yin shiru, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi ki ce danna can, kar ki faɗa.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne ina haɗa wa mutane shafi ina samun na kashewa. Wani maigida da nake wa aiki ya dage wai ya ji a wani taro cewa dole komai a same shi cikin dannawa uku, kuma menu kar ya wuce abu bakwai, alhali kayan gini yake sayarwa kusan kala 400. Gaskiya ne doka ce? Daga Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena ba doka ba ce, amma ka bi maigidan a hankali don ba shi kaɗai ya yarda da ita ba, ta daɗe tana yawo. Ta dannawa ukun an gwada ta, a 2003 wani mai bincike a Amurka, Joshua Porter, ya bi diddigin yadda mutane ke neman abu a shafuka sai ya ga ba sa guduwa don sun wuce dannawa uku, suna ci gaba abinsu. Abin da ke korar mutum shi ne ya danna ya ga bai matso kusa da abin da yake nema ba. Mutum zai danna sau shida da daɗin rai in kowace dannawa tana gaya masa yana kan hanya, famfo, sai bututu, sai inci ɗaya, amma dannawa biyu a cikin duhu ta ishe shi ya fita.

Ta bakwai ɗin kuma asalinta wata takarda ce da wani masanin halayyar ɗan adam, George Miller, ya fitar a 1956 a kan yawan abin da mutum ke iya riƙewa a ka na ɗan lokaci. To menu ai ba haddace shi ake ba, yana nan a gabanka kana kallo. Ba wai ina cewa ka jera abu 25 ba, fuskar waya ma ba za ta ɗauka ba, amma in rukunan kayan gini tara ne to tara ne, kar ka matse fenti da tayil a ƙarƙashin wani suna wai shi Sauran Kaya don a cika bakwai. Wannan Sauran Kayan shi ne kabarin da kaya ke mutuwa a kowane shafi.

Yadda za ka raba 400 ɗin, ka rubuta sunayen kamar 50 a 'yan guntayen kwali, ka ba birkila ɗaya da mai aikin famfo ɗaya da mai wayarin ɗaya da wani mai gina gidansa, kowa shi kaɗai, ka ce ya tara waɗanda suka dace da juna ya raɗa wa kowane tsibi suna. Inda suka haɗu nan ne rukuninka. Kuma da kaya masu yawa haka ka sa ɗan layin nan na sama da ke nuna wa mutum inda yake, Famfo › Bututu › Inci ɗaya, don yawancin mutane daga Google ko daga linkin da aka tura musu za su faɗo tsakiyar shafin, ba ta ƙofar gaba ba.

TAMBAYA: Malam ina da masauƙin baƙi a Maraɗi, baƙina 'yan Nijar ne da 'yan kasuwar Najeriya da ke shigowa ta Jibiya. Mai haɗa shafin ya ɓoye komai cikin wasu layuka uku a lungun sama ya ce haka ake yi yanzu, ni kuma ban gane su ba sai da ya nuna mini. Sannan da wane harshe ya kamata a rubuta?

AMSA: Alhaji ranka ya daɗe, layuka ukun nan Turawa hambaga suke ce musu don sun yi kama da burodi biyu da nama a tsakiya, kuma ba sabon abu ba ne, wani mai zane Norm Cox ne ya ƙirƙiro su don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, sai da wayoyin shafa suka zo aka tono su saboda ƙarancin wuri. Mai aikinka bai yi ƙarya ba, haka ake yi, amma abin da aka ɓoye ba a cika danna shi ba, kai kanka shaida ne. Ka ce ya bar layukan amma ya rubuta kalmar menu a jikinsu, sannan abubuwa uku su fito fili ba sai an buɗe komai ba: kuɗin ɗaki, kira, da inda kuke. Matafiyin da ya sauka a tasha bayan isha'i da cajin waya saura kaɗan waɗannan ukun kaɗai yake nema. Ya sa su a ƙasan fuskar waya inda babban yatsa ke kaiwa, kuma su yi girma, Apple na ba da shawarar kar maɓalli ya gaza ma'auni 44 tsawo da faɗi, Google kuma 48, a taƙaice dai kamar faɗin kan yatsa.

Harshe kuwa, Hausa ce ta haɗa baƙinka na ɓangarorin biyu, ka sa ta tare da Faransanci. Roƙona ɗaya, kar a yi amfani da tuta wajen zaɓen harshe, tuta ƙasa take nunawa, to Hausa wace tuta za a sa mata, ta Nijar ko ta Najeriya? A rubuta Hausa, a rubuta Français, kowanne da sunan da masu shi suka sani. Kuɗin ɗaki a rubuta da sefa a fili da lambobi, saboda ka san lissafin dala da jaka na rikita baƙon da ya saba da naira.

TAMBAYA: Shin dole ne in sa akwatin bincike a shafina? Turaren wuta da humra nake sayarwa, kala 14 ne duka. Daga Maiduguri.

AMSA: Hajiya a'a, kala 14 shafi ɗaya ya ɗauke su, mutum ya ja da yatsa ya gansu duka. Akwatin bincike sai kaya sun yi yawa, kuma mara kyau gara babu shi, don wata za ta rubuta humra wata khumra wata kumra, in akwatin bai san duk abu ɗaya ba ne sai ya ce mata babu, ita kuma ta yarda ta tafi alhali kwalbar na nan a ajiye. Kuɗin da za ki kashe a kansa ki ba mai aikin ya rage nauyin hotunanki, na ga wasu kai tsaye daga kamara aka ɗora su, a wayata da sabis mai kyau ma sai da na jira kafin na farko ya gama buɗewa.