An cire fis an naɗa waya a gurbinsa: shin ina cikin haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Duk lokacin da na jona hitar ruwa da dutsen guga a ekistenshan ɗaya, wayar takan ɗauki zafi har in ji warin roba, sai fis ɗin filogin ya ƙone. Sau uku ke nan. Na kira mai gyaran wuta, ya cire fis ɗin ya naɗa wayar jan ƙarfe a gurbinsa, ya ce magana ta ƙare. Wuta kam ba ta sake yankewa ba, amma zafin yana nan. Yarana a ɗakin suke kwana, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Eh, kina cikin haɗari. Je ki zare filogin nan yanzu, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Mu yi lissafi. In hitarki mai wat 3000 ce, a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 13 (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Dutsen guga mai wat 2000 yana jan kusan 9. Kin ga an doshi 22, alhali filogi mai fis a 13 ya tsaya. Tun farkon shekarun 1840 James Prescott Joule na Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke haifarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta: in wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Daga 13 zuwa 22, zafin ya kusa ninka uku. Warin da kike ji ke nan.

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na haɗu da mai cewa fis ɗin ne “ba shi da ƙarfi”. Wa ya ce an yi shi don ya yi ƙarfi? Da gangan aka sirantar da shi, domin in wuta ta wuce kima ya riga kowa narkewa ya yanke layin. Ƙonewarsa sau uku ba lalacewa ba ce, sau uku ke nan yana tare miki gobara. Mutumin nan da ya naɗa jan ƙarfe bai rage ko amfiya ɗaya ba. Zafin yana nan yadda yake, abin da zai tsayar da shi ne kawai aka cire.

Jan ƙarfe sai ya kai digiri 1085 a ma'aunin Celsius yake narkewa. Robar da ta lulluɓe yawancin wayoyin gida kuwa digiri 70 aka tsara mata ta jure. Ki dubi tazarar da ke tsakani. Tun kafin wayar da ya naɗa ta ji komai, roba ta yi laushi, ta bushe, ta tsattsage, wayoyin ciki sun haɗu, tartsatsi ya faɗa kan labule ko katifa. Kuma ba lallai ranar farko ba. Abin yakan ɗauki makonni yana cin robar a ɓoye, shi ya sa masu wannan aika-aika ke bugun ƙirji su ce ai sun sha yi ba abin da ya faru. Ranar da ya faru ba sa nan, masu gida ne ke barci. Haka masu cire bireka (makunnin da ke akwatin wutar gida, mai faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa) mai amfiya 20 su saka mai 32 don tana yawan faɗuwa, waya kuma ita ce dai ta da. Laifi ɗaya ne. Fis da bireka waya suke karewa, kaurin wayar ne ke faɗin girmansu, ba son ran mai gyara ba. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya taɓa wayar gidan mutane ba, domin rayuka aka ba shi amana.

Akwai zafin da fis ba ya ma gani: haɗin da ya saki. Turjiyar rabin om (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya) a bakin soket, in amfiya 10 na bi, wat 50 ne na zafi a wurin da bai wuce kan yatsa ba. In kin ga soket ya yi baƙi ko ƙafar filogi tana zafi, a canza su. Waya a naɗe ko a ƙarƙashin kafet ma ba ta samun inda za ta fitar da zafinta.

Wannan ekistenshan ɗin ki jefar da shi, robarsa ta riga ta dahu ko da ido bai nuna ba. Hita da dutsen guga kowanne ya shiga soket ɗin bango kai tsaye. Sannan ki nemo ƙwararren mai wayarin ya buɗe akwatin wutar gidan ya duba, domin wanda ya naɗa waya a filogi ina tsoron ya taɓa yin haka a can ma.