Alhaji, ƙaramin batirin motarka moɗa ne, ba randa ba

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan sanyi, ƙanƙara da ruwan leda da yawut. Bara na sayi motar lantarki ta hannu, Nissan Leaf mai batir kilowat-awa 40. Wani mai gyaran wuta ya ce in sayi inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai wat 3000 a haɗa ta da ƙaramin batirin motar, duk lokacin da aka ɗauke wuta firiza biyu da fankoki su ci gaba da aiki. Ya ce daga nan sai in sayar da gurup ɗina, injin wutar shago, in huta da sayen esans, wanda a lokacin zafi yake cin mini jikka 4 a yini. In yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Amsata a taƙaice ita ce: haɗin yana yiwuwa, kuma zai iya ceto maka kaya ranar da wuta ta yi dogon zango. Amma kada ka sayi mai wat 3000, kuma kada ka sayar da gurup ɗinka tukuna.

Na fahimci abin da ya kai ka ga wannan tunani. Wutar da NIGELEC ke raba mana a wannan yanki mai yawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Duk mai sayar da ƙanƙara a garin nan yana tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulki, da irin kayan da suka narke a firiza kafin a maido da ita a 2024. Wanda ya sha wannan wahala, in ya ga mota a ƙofar shagonsa cike da wuta, dole zuciyarsa ta ce masa me ya sa zai ƙyale ta.

To, bari mu buɗe gaban motar. Batir biyu ne a cikinta. Babban yana ƙarƙashin kujeru, ƙarfinsa ya haura bolt 300, shi ke tura ƙafafun mota, kuma shi ne randar da ruwan yake ciki. Ƙaramin kuwa mai bolt 12 ne, irin na kowace motar esans, aikinsa kunna fitilu da rediyo da kwamfutar motar. A tsakaninsu akwai wata na'ura da ke sauko da wutar babban zuwa bolt 12 tana cika ƙaramin, kuma ba ta aiki sosai sai an tada motar, alamar READY ta fito a allo. Wato inbatarka ba daga randa za ta sha kai tsaye ba. Daga moɗa za ta sha, moɗar kuma da siririn tiyo ake cika ta.

Nan ne lissafin mai gyaranka ya karye. Wat 1000 a kan bolt 12 yana jan amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, wajen 83, in an haɗa da asarar da inbata ke yi ya kusa 95. Wat 3000 kuma amfiya 250 ne ko fiye. Na'urar da ke cika ƙaramin batir a irin waɗannan motoci ba ta bayar da ko kusa da haka. Abin da take iyawa bai wuce kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma motar kanta tana cin nata kaso daga ciki. Duk abin da ka ja fiye da haka daga jikin ƙaramin batir yake fita, shi kuwa ɗan abin da ke cikinsa bai fi rabin kilowat-awa ba. In ya faɗi, motar ba za ta tashi ba ko da babban batir cike yake taf, domin da wutar ƙaramin ne ake buɗe wa babban hanya. Idan kuma na'urar cika ƙaramin batir ce ta ƙone, Alhaji, ba abin da za ka samu a layin ƴan kayan mota na Babbar Kasuwa ba ne. Sai an yi odarta daga waje, a nemo wanda ya iya sa ta, motar miliyoyi tana zaune tana shan ƙura saboda firiza biyu.

Na taɓa tsayawa a wani shago inda aka yi irin wannan haɗi da wayar da ake ɗaura wa mota batir in ta ƙi tashi, mai baki kamar na kada. Ba a yi minti ashirin ba robar wayar ta yi laushi kamar ƙaro a rana, wari ya cika wurin, yaron shagon ya fizge ta da tsumma. Ba fis, ba komai. Allah ne ya kiyaye.

Idan za ka yi, ga yadda zan so a yi maka. Inbata mai wat 1000, kada ta wuce haka, kuma irin wadda wutarta take fita sumul kamar ta NIGELEC, wadda aka rubuta "pure sine" ko "pur sinus" a jikin kwalinta. Mai arhar nan tana sa injin firiza gurnani da zafi har ya mutu kafin lokacinsa. Waya ta jan ƙarfe mai kauri, murabba'in milimita 35 (35 mm²), gajeriya, a ɗaure ta da noti, da fis na amfiya 125 dab da kan batir. Baƙar wayar inbata a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, don na'urar da ke auna wuta a kan batirin ta ga abin da ake ja. Ramin kunna sigari ba na wannan aiki ba ne, wat 120 ne iyakarsa, cajin waya kawai. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta babban batir ce, kada kowa ya kai hannu gare ta, tana kisa. Kuma kada a cusa wutar inbata cikin soket ɗin shago alhali layin NIGELEC yana haɗe; ko dai a ja wa firizojin waya tasu daban, ko a sa makunnin da ke raba layi biyun, don kada wutarka ta koma kan turke ta sami ma'aikacin da ke gyara.

Firiza tana da wata ɗabi'a: lokacin da injinta zai tashi yana jan ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Saboda haka a kunna ɗaya, a jira ta zauna, sannan ta biyu.

Yanzu mu zo kan kuɗi, wanda shi ne sana'ata. Mai gyaran ya sa ka ji kamar wutar mota kyauta ce. Ba kyauta ba ce, a kan kontarka ka saye ta lokacin da ka yi caji. Tana raguwa wajen shiga babban batir, ta ragu wajen saukowa bolt 12, ta sake raguwa wajen komawa 220, ga kuma abin da motar ke ci don kawai tana kunne. Kada ka yi mamaki in sulusi ko fiye ya zube a hanya. Duk da haka za ta fi esans arha, wannan gaskiya ne, kuma ba hayaƙi ba ƙara. Amma mu ce firizojinka da fankoki da motar gaba ɗaya suna jan wat 800 daga babban batir, na awa 8. Kilowat-awa 6 da ɗoriya ke nan, kusan tafiyar kilomita 40, kamar daga nan zuwa Ɗan Isa. Batirinka kuma na hannu ne, 40 ɗin da aka rubuta ba duka ya rage ba, kuma batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ka ajiye ta a inuwa ko yaushe.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Mota ɗaya ba ta zama a shago kuma ta kai kaya Tibiri a lokaci guda. Ranar da aka ɗauke wuta da azahar cikin azumi, kasuwar ƙanƙara na ci, motar tana can wajen ɗauko leda, wa zai riƙe maka firiza? Da dare kuma mota ce za a bari a kunne, makulli a kusa, a bakin titi, sai ka ƙara kuɗin mai gadi a lissafi. In ɗaukewar ta yi kwana biyu, da me za ka sake cika motar? Da wutar da babu. Shi ya sa na ce gurup ya zauna. Kuɗin da za a ba ka a kansa ba zai kai asarar firiza biyu na yawut sau ɗaya ba, balle kwastomomin da za su koma shagon maƙwabci su saba da shi.

Akwai motocin da aka ƙera da wannan aiki tun daga kamfani, irin su Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6, masu ba da har kilowat 3.6 kai tsaye daga babban batir ta wani soket nasu. In wata rana za ka canja mota, ka tambayi wannan kafin ka tambayi launi.

Abin da nake so ka fara yi bai buƙatar ko dala. Ka ɗauki littafi, kwana 30, kullum ka rubuta awa nawa aka ɗauke wuta, da rana ko da dare, lita nawa gurup ya sha, kuma a ina motar take a lokacin. Ka cika firizojin taf, ko da da jarkokin ruwa ne, ka hana yara buɗe su barkatai, domin firiza cikakkiya a rufe tana riƙe sanyi awanni da yawa ba tare da wuta ba. In littafin ya nuna yawancin ɗaukewar da rana ne, to jikka 4 ɗin nan da kake ba mai esans hanyarsu ita ce faifan sola a rufin shago da batirinsu na kansu, motar ta ci gaba da zirga-zirgarta. In kuma da dare ne, motar tana tsakar gida, sayi mai wat 1000 ɗin, a ɗaura ta yadda na faɗa, ranar farko ka tsaya da kanka a wurin awa guda kana taɓa wayar ka ji ko tana ɗaukar zafi. Bayan kwana talatin ɗin ka turo mini abin da ka rubuta mu yi lissafin sola tare.