Kwanon gilashi daga Italiya: yaya ake gane wanda ya ƙera shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi kwas a Italiya a 1968, ya dawo da wani kwanon gilashi da ya daɗe a sho-gilas ɗin mahaifiyarmu. Yanzu ya faɗo a rabona. Faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma nauyi gare shi kamar dutse. Cikinsa ja ne, rawaya ya kewaye jan, sannan farin gilashi garau ya lulluɓe su duka. A gindinsa akwai 'yar takarda mai ƙyalli da aka rubuta "Murano, Made in Italy". Ɗana ya duba a intanet ya ce aikin wani Flavio Poli ne. Yaya zan tabbatar? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai ina roƙonki abu ɗaya: kada ki ɓare wannan 'yar takardar, kada kuma ruwa ya taɓa ta. Na sha ganin kayan da aka kawo mini an wanke su tas don a burge ni, ashe shaidar da ake nema ce aka wanke.

Sai dai takardar ba ta faɗi sunan maƙeri ba, garinsu kawai ta faɗa. Murano wasu 'yan tsibirai ne a gefen birnin Benis. A 1291 hukumar birnin ta umarci masu narka gilashi su kwashe tanderunsu su koma can saboda tsoron gobara, tun daga lokacin sana'ar ta zauna a wurin. Idan aka ce abu na Murano ne, kamar a ce miki rini na Kano ne: kin san gari, ba ki san marina ba, balle mai rinin. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da kasuwar wannan kaya ta buɗe a Amurka da sauran Turai, gidajen ƙira manya da ƙanana ne ke aiki a tsibirin, kuma masu shaguna da dillalan da ke fitar da kaya waje su ma suna manna irin takardar da ke kwanonki.

Amma ɗanki bai yi nisa da hanya ba. Salon da kika bayyana sunansa sommerso, wato abin da aka nutsar. Maƙeri yakan ɗebo narkakken gilashi mai launi a bakin dogon bututun ƙarfe, ya daidaita shi, ya bari ya ɗan sha iska, sannan ya tsoma shi cikin tukunyar wani launin, daga baya ya sake tsoma shi cikin farin gilashi. Kowane launi sai ya tsaya a gurbinsa bai gauraya da ɗan'uwansa ba. Nauyin da kike ji daga wannan rufi kan rufi yake. Wanda ya fi shahara da salon kuwa shi ne Flavio Poli, mai zana wa gidan Seguso Vetri d'Arte kaya daga 1934 har 1963, wanda a 1954 ya karɓi lambar yabo ta Compasso d'Oro. Shi zane yake yi, ƙwararrun masu busa gilashi na gidan su ke fitar da abin da hannu.

A nan ne ake yawan zamewa. Da salon ya karɓu, kusan kowane tanderu a Murano ya shiga yin sa. Gidan Cenedese ya yi, musamman da zanen Antonio da Ros. Gidan Mandruzzato ya yi nasa mai sassaƙaƙƙun kusurwoyi kamar lu'ulu'u. Archimede Seguso, wanda ya bar gidan danginsa ya buɗe nasa a 1946, shi ma ya yi. Ga kuma ƙananan gidaje da ke ƙera kwanuka da mazubin tokar taba don 'yan yawon buɗe ido. Masu aikin kansu sukan bar wannan gida su koma wancan da fasaharsu a hannu. Shi ya sa yau a intanet duk gilashi mai nauyi da launi biyu ko uku sai a laƙaba masa sunan Poli, saboda sunan yana ɗaga farashi. Kama da wane ba wane ba ne.

To, ki kifa kwanon a kan tawul, ki kashe fitilar ɗaki, ki haska gindinsa da tocila daga gefe, yadda hasken zai kwanta a kansa. Abu uku za ki nema. Na farko, yadda aka gama gindin. Gilashin da aka yi da hannu yana da cibiya, wato wurin da aka ɓalle sandar ƙarfen da aka riƙe shi da ita. Manyan gidaje sukan goge wurin har ya yi sumul yana sheƙi kamar madubi, gefensa ba kaifi. Gindi mai dishi-dishi da aka goge sama-sama alamar aikin gaggawa ce. Na biyu, zaizayar zama. Kwanon da ya shekara hamsin ana ɗagawa ana ajiyewa zai yi ƙananan ƙarce birjik, kowanne ya nufi inda ya ga dama, a daidai inda yake taɓa katako. Idan ƙarcen duk sun miƙe gefe guda, to hannu ne ya yi su don a tsufar da sabo. Na uku, rubutu.

Maganar rubutu tana son natsuwa. Gidan Venini, wanda lauya Paolo Venini ya kafa tare da Giacomo Cappellin a 1921, shi ne ya fi kowa kula da sa suna a kayansa. A shekarun 1950 hatimi yake bugawa da ruwan asid, layi uku, "venini murano italia", yana fitowa fari-fari kamar hazo, wani lokaci sai an karkata gilashin ake ganinsa. Daga tsakiyar shekarun 1960 ya koma rubutawa da tsinke mai bakin lu'ulu'u. Gidan Seguso Vetri d'Arte kuwa yawanci takarda yake mannawa mai ɗauke da sunansa, ita kuma takarda wanki ɗaya ke raba ta da kaya. Saboda haka rashin rubutu a gindin kwanonki ba aibi ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne rubutun da ya yi kyau da yawa. An taɓa nuna mini wata tukunyar fure da babban suna a gindinta, da na sa gilashin ƙara girma sai na ga rubutun ya hau kan ƙarcen tsufa, gefensa fari sabo fil. Ƙarcen ya riga sunan zuwa.

Kada kuma ki nemi tambarin nan na "Vetro Artistico Murano" mai lambar gidan ƙira, wanda ake mannawa don shaidar kayan Murano na asali. Dokar da ta kafa shi ta yankin Veneto, inda Benis yake, ta 1994 ce, kwanonki ya girme ta nesa ba kusa ba.

Idan babu suna babu takardar gida, hanyar da masana suka yarda da ita guda ce: a samo kayan a tsohon kundin gidan. Manyan gidajen suna da littattafan zane, kowane samfuri da lambarsa da awonsa da launukan da aka yi shi da su. Zane-zanen Seguso Vetri d'Arte suna ajiye a cibiyar nazarin gilashi ta Gidauniyar Giorgio Cini a Benis, an kuma buga da yawa daga cikinsu. Dole siffa da awo da haɗin launi su zo daidai su uku. Biyu cikin uku ba ya isa. Kayan Poli da aka tabbatar suna da sauƙin siffa, kamar jerin Valva mai kama da ƙwanson kifin teku, launukan a tsabtace, kaurin kowane rufi a daidaice, babu tarkacen kumfa ko ƙura a ciki.

Wasu salon sun fi saurin nuna gidansu. Tukunyar fure mai kama da hankicin da aka tattaro gefunansa sama, fazzoletto, ta Fulvio Bianconi ce da Paolo Venini, ko da yake ita ma an kwaikwaye ta ba iyaka. Faci-facin launuka masu ƙarfi na jerin Oriente na Dino Martens ne a gidan Aureliano Toso. Gidan Fratelli Toso, wanda aka kafa a 1854, ya yi suna da millefiori, ƙananan furanni da ake yankowa daga sandar gilashi, irin adon da ke jikin tsofaffin duwatsun wuya na Benis da fatake suka shigo da su Afirka ta Yamma. Akwai kuma kayan da ba na Murano ba ne sam amma ake sayar da su da sunan: na Empoli a yankin Toskana na Italiya, na ƙasar Cek, na Japan, da sababbi daga Caina.

Ga ra'ayina a kan naki. Bisa bayaninki, na karɓi cewa sommerso ne na Murano na shekarun 1960, kuma babbar hujjata ita ce Baba da kansa ya ɗauko shi daga Italiya a 1968. Wannan ya kore zancen kwaikwayon zamani. Amma sunan Poli, ba zan sa masa ba sai an same shi a kundi, kuma irin takardar da ke jikinsa ta fi karkata ga kayan da aka saya a shago daga ɗaya daga cikin ƙananan gidaje. Wannan bai rage masa kyau ba, hannun ƙwararre ne ya yi shi. Ki sa ɗanki ya rubuta shekarar tafiyar Baba da garin da ya zauna a takarda, a ajiye tare da kwanon.

Ki turo mini hoto huɗu da aka ɗauka da rana ba tare da filasha ba: daga sama, daga gefe a gaban farin bango, gindin gaba ɗaya, da takardar daga kusa. Ki haɗa da faɗinsa da tsayinsa a santimita, da nauyinsa idan kina da sikeli. In zai sha wanki kafin hoton, tsumma mai laushi da ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, a cikin kwanon kawai. Ruwan zafi yana iya tsaga gilashi mai kauri irin wannan.